GURBIN DA BA A CIKE BA: AMSATA GA ABOKIN DA YA YI MINI DARIYA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Tun lokacin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa tana son jarrabawar WAEC da NECO ta koma ta kwamfuta nake ganin muhawara a nan Facebook, wasu na yabo wasu na zagi. Ni dai ban tsoma baki ba. Sai shekaranjiya wani abokina da muka yi karatu tare, wanda yanzu yake aiki a Sakkwato, ya kira ni muna hira, na ba shi labarin yadda na koya wa 'yan ajina Excel da bayanan duniyoyin da ke kewaya rana. Ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai malam! Yaran da iyayensu ba su iya zuwa gona, kai kana can kana auna musu faɗin Mushtari?"

Ni ma dariyar na yi, muka yi sallama. Amma maganar ta kwana tana cina. Na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba, shi ya sa na ga gara in ba shi amsa a nan kowa ya gani.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a ƙasar Sabon Birni. Ba zan faɗi sunanta ba, kun san dalili. Dangin mahaifiyata mutanen Isa ne, don haka hanyar nan ta Sabon Birni zuwa Isa na san ta tun ina goye. Kwamfuta ba fannina ba ce. An ɗora mini darasin ne kawai don cikin malamai ni ke da laftof, wata tsohuwa da na saya hannu lokacin da nake karatu.

Abin da ya sa na karɓa ban yi gardama ba shi ne wani abu da na gani da idona. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Wata shekara na raka yaranmu Sakkwato su rubuta. Cikinsu akwai yaron da duk ya fi su lissafi, wanda in na makara shi ke tashi ya yi wa 'yan uwansa bita. Ya fito daga ɗakin jarrabawa idonsa ya yi ja. Na ce lafiya? Ya ce, "Malam, haruhwan a watse suke, ba bisa jeri ba." Ashe bai taɓa ganin allon haruffan kwamfuta ba sai ranar. Ya ɗauka zai tarar da A, B, C, D a jere kamar yadda aka koya masa a firamare. Lokacin da wasu suka yi suna amsa tambaya, shi ya yi shi yana neman harafi, kuma kunya ta hana shi ɗaga hannu. Bai samu makin da yake nema ba. Yanzu yana sayar da fetur a kwalba a bakin tasha. In na wuce yakan taso ya gaishe ni, ni kuma nakan rasa inda zan sa idona.

To da wannan nauyin na shiga aji a zango na biyu, cikin Janairun 2025. Kayan aikina laftof ɗaya, batirinta ba ya wuce awa guda, kullum da yamma sai na kai ta wurin mai caji da sola. Yara sun haura 50. Babu majigi. Intanet kuwa sai an ci sa'a.

Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna da dara. Duk ɗan Gobir ya san yadda ake haƙa gurabun dara a ƙasa, layi biyar ta nan, shida ta can. Na zana su a allo. Na ce layukan tsaye za mu ba su haruffa, na kwance mu ba su lamba. Na nuna gurbi ɗaya na ce wane ne wannan? Suka ce C4. Ban kai minti goma ba kowa ya gane. Na ce to Excel ke nan, dara ce, sai dai maimakon tsinke ko dutse lamba ake sa wa a gurbi, kuma gurbi yana iya yi wa ɗan uwansa lissafi. Kowa ya zana tasa darar a littafi, sannan biyar biyar suke zuwa gaban laftof su taɓa da hannunsu.

Sai batun abin da za a zuba a gurabun. A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna nakan ji kunya. Littattafan koyarwa sukan ce a fara da abin da yaro ya sani, don haka na ce kowa ya faɗi dabbobin gidansu, shanu nawa, tumaki nawa, awaki nawa, mu jera mu kwatanta. Ajin ya yi tsit. Can sai wani yaro daga baya ya ce, "Malam, na da ko na yanzu?"

Ban iya ba shi amsa ba. Washegari kuma mahaifin wata yarinya ya zo makaranta, cikin ladabi, yana tambaya ko lafiya malam yake ƙidayar dabbobin mutane. Yana da gaskiya. A ƙasar da ake biyan harajin 'yan bindiga kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi, mai tambayar yawan shanunka ba a yi masa kallon malami. Na ba shi haƙuri, na goge allon.

Na gwada tunanin farashin hatsi, na ga shi ma ciwo ne. Na gwada nisan garuruwa, na ga kowace hanya akwai wanda aka tare masa ɗan uwa a kanta. Daga ƙarshe na ce bari in nemo abin da ba na kowa ba ne, wanda ba a kore shi a kai daji, ba a sa masa haraji. Da na je Sakkwato na sauke jadawalin duniyoyi na hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, a wayata, na dawo da shi.

Ga abin da muka fara zubawa: suna, nisa daga rana da kilomita miliyan, faɗi da kilomita, da tsawon shekara.

Uɗaridu: 58, 4,879, kwana 88
Zahra: 108, 12,104, kwana 225
Duniyarmu: 150, 12,756, kwana 365
Mirrihi: 228, 6,792, kwana 687
Mushtari: 778, 142,984, kusan shekara 12
Zuhal: kimanin 1,430; 120,536; shekara 29 da 'yan watanni
Yuranus: kimanin 2,870, 51,118, shekara 84
Neftun: kimanin 4,500, 49,528, kusan shekara 165

Da gangan na yi amfani da sunayen da malamanmu na zaure suka gada daga Larabci, don yaran su san ba jiya aka fara kallon sama a ƙasar nan ba. Biyun ƙarshe ne kawai ba su da irin wannan sunan, saboda ba a san su a matsayin duniyoyi ba sai bayan an ƙera madubin hangen nesa. Kuma aka yi dace, a watannin nan na Janairu da Fabrairu Zahra tana haske ƙwarai a yamma bayan magariba, Mushtari yana can sama, Mirrihi ja-ja-ja yana tasowa daga gabas. Ba mai iya cewa yara su fita fili da dare a halin da muke ciki, sai na ce kowa ya duba daga tsakar gidansu. Washegari wata yarinya ta ce kakarta ta ce wannan ai Zara ce, matar wata. Na ce ita ce layi na uku a littafinki. Na ƙara musu da cewa gamzakin da ke fitowa da asuba ma ita ce dai, wani lokaci a gan ta bayan faɗuwar rana, wani lokaci kafin fitowarta. Yarinyar ta ce ba za ta kai wa kakarta wannan maganar ba, sai dai in je da kaina.

Darasi na farko na gaske shi ne jerawa. Na ƙara layin zafi, na tambaye su wace duniya ce ta fi zafi. Duk suka ce Uɗaridu, tunda shi ya fi kusa da rana, kuma wanda ya fi kusa da murhu ai shi ya fi jin wuta. Na sa ɗaya daga cikinsu ya danna a jera daga babba zuwa ƙarami. Sai ga Zahra a sama da digiri 464, Uɗaridu a bayanta da matsakaicin 167. Aji ya kaure. Wani ya ce kwamfuta ta lalace. Yarinyar nan mai kaka ta ce, "Malam, mi as sa Zahra tah hi zahi, alhali Uɗaridu shi ak kusa ga rana?"

Wannan tambayar ita nake jira. Na yi musu bayanin cewa Zahra tana lulluɓe da iska mai kauri, kusan dukkanta irin iskar da ke fita in an ƙona gawayi, zafi ya shiga ba ya samun hanyar fita, har ya kai inda zai narkar da darma. Shi kuwa Uɗaridu kusan tsirara yake, da rana ya gasu, da dare ya daskare. Na ce su tuna ɗakin kwano da daren Afrilu da kuma kwana a tsakar gida. Suka gane nan take. Abin da na fi so su riƙe shi ne su 50 sun yarda da abu ɗaya, abin kuma ya yi kama da gaskiya, amma da aka jera lambobi sai ya zama ba haka ba.

Daga nan muka shiga sa gurbi ya yi lissafi. Na ce kowa ya nemo shekarunsa a wata duniyar: ka ninka shekarunka da 365, ka raba da kwanakin shekarar can. Ɗan shekara 16 ya tarar a Mirrihi shekararsa 8 da rabi, a Uɗaridu kuwa tsoho ne mai 66. Suka yi ta tsokanar juna, wannan na ce wa wancan baba. Da na canza 16 zuwa 40 a gurbi ɗaya, duk sauran gurabun suka canza da kansu, sai wani ya dafe kai ya ce, "Wallahi wanga sihiri na!" Na ce ba sihiri ba ne, ƙa'ida ce ka rubuta sau ɗaya, ita kuma take maimaitawa. Muka lissafa buhun gero mai kilo 100, muka ga a Mirrihi nauyinsa zai koma kamar na kilo 38, a Mushtari kuma ya haura ninki biyu. Masu zuwa dako ranar kasuwa suka ce su dai Mirrihi za su koma.

Ranar da batir ya mutu da wuri sai muka fita filin ƙwallo. Mun riga mun raba nisan kowace duniya da na tamu, muka mai da nisan duniyarmu daga rana taki uku. Yaro ɗaya ya tsaya a matsayin rana. Uɗaridu, Zahra, duniyarmu da Mirrihi duk suka cunkushe cikin taki biyar na farko suna ture juna. Mushtari ya tafi taki 16, Zuhal 29, Yuranus 57, mai Neftun kuwa sai da ya yi taki 90, yana can ƙarshen fili yana ɗaga hannu. Da muka koma aji na ce su lissafa mini: daga 1808 da Alƙalawa ta faɗi zuwa 2025, sau nawa Neftun ya kewaya rana? Amsa ta fito sau ɗaya da kusan sulusi. Duk tarihin nan da ake ba mu tun daga watsewar babban birnin Gobir, da zaman Tsibiri, da kafa Sabon Birni, da zuwan Turawa da tafiyarsu, a can shekara ɗaya ce da 'yan watanni. Ajin ya ɗan yi shiru. Ni ma haka.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na yi wannan rubutun.

Muka ƙara layin yawan watanni, wato irin watan nan namu da ke kewaya kowace duniya. Na ce rukuni ɗaya su cike na duniyoyi huɗu na kusa da rana, su fitar da matsakaici da =AVERAGE(F2:F5). Duniyarmu tana da wata 1, Mirrihi yana da 2, Uɗaridu da Zahra ba su da ko ɗaya. Yaron da ke bugawa ya ga tunda babu, ba sai ya rubuta komai ba, ya bar gurabun biyu fanko. Kwamfuta ta ba da 1.5. Ni ma ban lura ba, har na juya zan rubuta a allo. Sai yarinyar nan dai ta ɗaga hannu. Ta yi nata a littafi, 3 a raba 4, ta samu 0.75. Ta ce, "Malam, ba daidai na ba. Waɗanga biyun ba su da wata, amma ba mu gaya ma kwamhuta ba. Mun bar ta ba ta sani ba."

Aka sa 0 a gurabun biyu, amsa ta koma 0.75. Haka Excel take: in ta ga sifiri takan ƙidaya shi, in ta ga gurbi fanko sai ta tsallake kamar babu layin. Na ajiye alli na ce su rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Sifiri yana nufin an je an duba an ga babu. Gurbi fanko yana nufin ba a duba ba, ko ba a sani ba, ko ba a faɗa ba. Wanda ya gauraya su biyun, lissafinsa zai yi ƙarya ko da bai yi niyya ba.

Cikin azumi kuma wani abu ya ƙara mana. Jadawalin da na sauke ya ce Zuhal yana da wata 146. A watan Maris na 2025 aka sanar an tabbatar da wasu 128, suka zama 274. Na shigo aji na gaya musu lambarmu ta tsufa. Wani ya kawo tsohon littafin yayansa da ya ce duniyoyi tara ne, na ce shi ma gaskiya ne a lokacinsa, a 2006 ne ƙungiyar masana taurari ta duniya ta cire Fuluto daga jerin. Ranar muka ƙara layi biyu a ƙarshen jadawali: wa ya faɗa, kuma yaushe. Na ce duk lambar da ba ta da waɗannan biyun, a riƙe ta da hannu ɗaya.

Abokina, ka ce wannan bai shafi rayuwarsu ba. Bari in tuna maka.

A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Mu da ke ciki mun san yadda aka yi zaman. Wanda ke kusa da iyaka yakan nemi tudu ya kamo layin Nijar, saura kuwa sai dai a ba direba saƙo. Na je Sakkwato a lokacin, wani ya ce mini, "Ai yanzu wajenku ya yi sauƙi, mun kwana biyu ba mu ji komai ba." Na dube shi kawai. Gurbinmu fanko ne, shi kuma ya karanta shi sifiri.

Ko lokacin da labarin ya fito, dubi yadda lambobin suke. A watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A Oktobar 2021 aka afka wa kasuwar Goronyo, adadin da aka fara faɗa daban, wanda aka tabbatar daga baya ya fi shi. A Disambar 2021 aka ƙona motar matafiya a kusa da Gidan Bawa, 'yan sanda suka ce mutum 23, mutanen yankin suka ce sun fi haka. Waɗannan su ne manyan da duniya ta ji. Mutum biyu da aka ɗauke a gona, tsohuwar da ta mutu a hanyar gudu, jaririn da bai kai asibiti ba don hanya ba ta biyuwa da dare, su ba su shiga layin kowa ba. A ɗaya gefen kuma ga WhatsApp, inda mutum 5 ke zama 50 kafin la'asar, a tayar da gari guda da saƙon murya da ba a san mai shi ba. Yaron da ya saba tambayar wa ya faɗa, yaushe, an ƙidaya ne ko an kintata, ya samu abin da zai kare kansa daga wanda ke rage lamba da wanda ke ƙara ta.

Bayan hutun ƙaramar salla muka dawo zango na uku. Na kira suna, na zo kan yarinyar nan, shiru. Washegari shiru. Sati ya wuce. Ƙawarta ta ce an shiga ƙauyen da mahaifinta ke noma, sun kwashe sun tsallaka wajen dangi a yankin Gidan Rumji. Ba su kaɗai ba ne, dubun dubatar mutanenmu suna jihar Maraɗi tun 2019. Gobir ɗaya ce, aure ɗaya, harshe ɗaya, amma makarantar can tsarinta daban. Yarinyar da ta kai aji biyar na sakandare a nan, in ta je can ba ta da ajin shiga.

Ƙarshen zango ya zo, aka ce a haɗa sakamako. Yara 9 a ajina ba su zauna jarrabawa ba, har da ita. Na kai takarda da gurabunsu fanko. Na sama da ni, mutumin kirki ne wallahi, ya ce fom ɗin da ake aikawa ba ya karɓar gurbi fanko, in sa musu sifiri kawai a wuce wurin. Na koma gida na buɗe laftof na gwada duka biyun. Da na sa sifiri, matsakaicin aji ya faɗi ƙasa, takarda ta nuna yarinyar da ta gyara wa malaminta lissafi ba ta san komai ba. Da na bar gurabun fanko, matsakaici ya tashi ya yi kyau, duk wanda ya gani a ofis zai ce ajin nan lafiya lau yake, ba zai san an rasa kowa ba. Na daɗe ina kallon allon. Wannan ɓangaren ban koya musu ba, don ni ma sai daren na gane shi: barin gurbi fanko bai wadatar ba, sai ka ƙidaya gurabun ka faɗi yawansu. Excel tana da ƙa'idar yin haka, COUNTBLANK. Na buga, ta ba ni 9.

A fom na rubuta "ba ta zauna ba" da biro a gaban kowane suna, na haɗa da 'yar takarda mai cewa wannan matsakaicin na waɗanda suka rage ne, 9 ba su nan. Ban san ko wani ya karanta ba. A tawa kwamfutar kuma na ƙara layi na sa masa suna "ina yake". 'Yan aji ne suka taya ni cikewa. Wannan yana Sakkwato wurin kawunsa, wannan an yi mata aure, wannan ya tafi Ikko neman kuɗi, waɗannan suna Nijar. Ba mu rubuta sunan ƙauye ko ɗaya ba, kuma ba na barin jadawalin a waya, saboda darasin da mahaifin nan ya koya mini. Daga 9, mun san inda 7 suke. Biyu har yau gurbinsu fanko, kuma duk ranar Litinin nakan tambaya.

Akwai labarin da na ba su a darasinmu na ƙarshe. Masana sun lura Yuranus ba ya bin hanyar da jadawalinsu ya ce zai bi, akwai ɗan bambanci tsakanin lissafi da abin da ido ke gani. Da sun so da sun ce kuskuren awo ne su share. Wani Bafaranshe, Le Verrier, ya zauna ya lissafa cewa lallai akwai wata duniya da ba a gani ba tana jan sa, ya faɗi inda za a duba. A watan Satumbar 1846 aka saita madubi a Berlin, aka ga Neftun kusan daidai inda ya ce. Yaron nan da ya tambaye ni "na da ko na yanzu" shi ya ce, "Ashe malam ana gane abu da rashinai." Na ce ana ganewa, in an samu wanda ya damu ya duba.

To abokina, amsarka ke nan. Ban ce Excel za ta buɗe hanyar Isa ba, ban ce za ta dawo da saniyar kowa ba. Tsaro shi ne gaba da komai, kuma mun gaji da faɗa. Amma yaran nan ba za su tsaya da girma su jira tsaro ba. Ko mun so ko mun ƙi, za a zaunar da su gaban kwamfuta a gwada su da ɗan Abuja da ɗan Ikko, tambaya ɗaya, lokaci ɗaya.

Roƙona uku ne.

Ga 'yan uwana malamai na Sabon Birni, Isa, Goronyo, Shinkafi da sauran wurare irin namu: kada ku jira ɗakin kwamfuta. Allo da alli sun isa a fara. Manhajar jadawali irin su WPS Office tana aiki a wayar Android ko babu intanet. Lambobin da na sa a sama sun isa darasin sati uku. Wanda ke son cikakken jadawalin ya yi magana a ƙasa in tura masa.

Ga 'yan Gobir da Allah Ya buɗa wa, na Sakkwato da Kaduna da Abuja da waje: tsohuwar laftof ɗin nan da ke cikin durowa tun da kuka sayi sabuwa, ku nemi makarantar garinku ku ba ta. Ko allon haruffa kaɗai ne, wanda ba a haɗa da komai ba, ku aiko. Yaro ya san inda A take kafin ranar jarrabawa.

Ga masu tsara jarrabawar kwamfuta: ba na adawa da ita. Amma kafin a yanke rana, a buɗe jadawali, kowace makaranta layi ɗaya: kwamfuta nawa ke aiki, akwai wuta ko babu, kilomita nawa zuwa cibiya mafi kusa, hanyar tana biyuwa ko ba ta biyuwa. Inda aka je aka ga babu a sa sifiri. Inda ba a iya zuwa ba a bar shi fanko, sannan a ƙidaya gurabun a faɗa wa 'yan ƙasa yawansu.

Watan jiya wani mai kai kaya kasuwannin Nijar ya kawo mini saƙon baki daga yarinyar. Ta ce a gaishe da malam, suna lafiya, kakarta ma tana nan. Ta ce a tambaye ni ko watannin Zuhal sun ƙaru. Na ce ya gaya mata zan duba, kuma layinta yana nan ban goge ba.

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mai da kowa gidansa lafiya.